Zeste ba zest ba ne: yadda ake maganar ɓawon lemu, kuzari da zumuɗi da Faransanci

Jama'a barkanmu da war haka. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagorar wani abin kunya ne da ya taɓa samu na a Yamai lokacin ina sabon shiga a Faransanci, na je neman wani ɗan aiki a wani ofis, matar da ke mun tambayoyi ta ce in faɗi halina a taƙaice, ni kuma da yake bokon Najeriya na yi kuma Ingilishi ne ya riga ya zauna mun a kai sai na tuno kalmar zest, wadda masu Ingilishi ke faɗa wa mutum mai zumuɗi da son abu, na kuma taɓa jin cewa ai daga Faransanci aka aro ta, to kun ga faɗuwa ta zo daidai da zama kenan. Na gyara murya na ce mata "J'ai beaucoup de zeste pour le travail". Matar nan ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce "Vous êtes pâtissier ?" wato wai ko ni mai yin kek ne. Abin da ya shiga kunnenta shi ne ina da ɓawon lemu mai yawa na yin aiki. Aikin dai ban samu ba, ban ce saboda wannan ba ne, amma dai ban samu ba.

Gaskiya ne Ingilishi ya ari kalmar daga Faransanci tun ƙarni na 17, amma can a Ingila ne daga baya ta samu ma'anar zumuɗi da jin daɗin rayuwa, ita kuwa ta gida le zeste tana nan a kicin inda aka bar ta, in ma ta fito waje to ma'anarta "ɗan kaɗan" ne. Kuzari da karsashi wasu kalmomi ne daban suke ɗauke da su, kuma abin dariyar da yawansu ma kayan marmari ne. Bari mu bi su daki daki, mu fara daga teburin mai lemu.

Mataki na farko: je ka tsaya gaban mai lemu

Ba wasa nake ba, nan ne ajin da ya fi kowane aji. Ka lura da yadda mai lemu a bakin tasha yake ɗaukar lemun zaƙi ya ɗora ƴar wuƙarsa yana juya lemun a hannu, ɓawon sama yana sauka siriri kamar zare yana nannaɗewa, har ya gama bai huda farin da ke ƙasa ba, ya jera su fari tas a faranti sannan in ka saya ya yanke maka hula. To wancan siririn mai launi da ke faɗuwa ƙasa, kore ne ko ruwan ɗorawa, wanda in yaro ya matsa maka shi a ido sai ka yi hawaye, shi ne le zeste, ana furta shi "zest", e ɗin ƙarshe ba ta fita. Mai ne a cikin ƴan ƙananan ramukan jikinsa, shi ke ba da ƙamshin, shi ne kuma ya sa iyayenmu ke shanya ɓawon su zuba a garwashi da daddare saboda sauro.

Farin da mai lemu ya bari a jikin lemun, mai laushi kamar soso, mai ɗaci in ka tauna, sunansa le ziste, "zist". Faransawa da yawa ma ba sa amfani da kalmar kullum, sai ka ji sun ce la peau blanche ko la partie blanche, farar fata ko farin ɓangare, amma masu girki sun san ta kuma za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

In ka haɗa su biyun, wato ka ɓare lemun da hannu ɓawon ya fito da kaurinsa, wannan l'écorce ne, "ekors", ta mace ce, une écorce, kuma ita ce dai kalmar da ake faɗa wa ɓawon itace, kamar yadda mu ma ɓawo ɗaya muke cewa. La peau kuwa fata ce, ta mutum da ta ayaba da ta lemu duk ɗaya, in ka rasa kalma ka ce la peau ba wanda zai maka dariya. Sai la pelure, wadda ta fi tafiya da ɓawo marar kauri irin na albasa da tuffa, da les épluchures, tarin ɓawon da ka fere za ka zuba wa awaki. A ciki kuma kowane ɓari na lemun un quartier ne, tsokar la pulpe, ruwan le jus, ƙwallon ciki le pépin. Riƙe pépin ɗin nan da kyau don a maganar yau da kullum in Bafaranshe ya ce "J'ai eu un pépin" ƴar matsala ce ta same shi, mota ta lalace a hanya ko makamancin haka, kamar dai yadda ƙwallon lemu ke shiga maka haƙori kana cikin jin daɗi.

Mataki na biyu: sunayen lemun kansu

Wannan ba zan daɗe a kai ba. Dangin lemu gaba ɗaya les agrumes ake ce musu. L'orange lemun zaƙi, la mandarine da la clémentine su ne ƙananan nan masu sauƙin ɓarewa da muke kira tanjarin, ita clémentine ma sunan wani ɗan coci ta ci, Frère Clément, wanda aka samo irin a gonar gidan marayun da yake kula da ita a Misserghin kusa da Oran a Aljeriya. Le pamplemousse shi ne babban nan mai ɗaci ɗaci.

Inda ake samun ruɗani shi ne citron. A Faransa in an ce le citron ana nufin babban lemun tsami rawaya mai ɗan tsini a kai, namu ƙarami kore kuma le citron vert ne. Amma a kasuwar Yamai ko Maraɗi ka ce citron kawai ƙaramin namu za a miƙo maka, don shi ne a gabansu. Matsalar tana zuwa ne in kana bin girkin da aka rubuta a Faransa, an ce ɓawon citron ɗaya, to naka ƙarami biyu ko uku ne za su kai shi, kuma ɓawon namu siriri ne sosai, da ka danna ka shiga fari. Su can suna ji da lemun tsaminsu ba kaɗan ba, garin Menton da ke bakin teku dab da iyakar Italiya tun 1934 suke bikin Fête du Citron kusan duk shekara a watan Fabrairu, su gina manyan siffofi da lemu zalla ana yawo da su a titi.

Mataki na uku: karanta girki, ka kuma yi shi da hannunka

Ni a ganina ba abin da ke sa kalma ta zauna kamar ka yi aikin da take nufi, don haka samo lemu biyu da magogin kuɓewa. Jimlar da za ka fi gani a littafin girki ko a bidiyon YouTube ita ce "Râpez le zeste d'un citron non traité". Râper shi ne gogawa, magogin kuma la râpe. Non traité na nufin lemun da ba a fesa masa magani ko an shafe shi da kakin da ke hana shi lalacewa ba bayan an tsinko, abin kula ne tunda ɓawon za a ci, in ba ka da tabbas ka wanke shi da ruwan ɗumi ka dirje ka goge ya bushe. Wani lokaci za su ce "Prélevez le zeste", wato ka cire shi, ko kuma kai tsaye "Zestez", daga aikatau zester, akwai ma ɗan ƙarfe mai ƙananan huji da ake ja a jikin lemun yana fitar da zare zare, shi ne le zesteur, wuƙar fere dankali kuma l'économe. Kusan kullum sai sun ƙara da gargaɗi "sans entamer la partie blanche", kar ka taɓa farin, don ɗacinsa zai ɓata maka kek.

Yadda ake yi: ka goga ɓawon tun lemun yana ɗanyensa kafin ka yanka ka matse, in ka riga ka matse ya zama laɓo laɓo ba zai gogu ba sai dai ka goge yatsa, na sha yi. Goga sau ɗaya ko biyu a wuri guda ka juya, da ka hango fari ka matsa gaba. In kek ne ko cincin, zuba gogaggen ɓawon cikin sukari ka murza da yatsu tukuna har sukarin ya ɗan jiƙe ya ɗauki ƙamshi sannan ka haɗa da sauran kayan, wallahi bambancin a fili yake.

Sai blanchir. Asalin kalmar farantawa ne amma a kicin tana nufin ka sa abu a ruwa ya ɗan tafasa ka tsame. Ga ɓawon lemu da ruwan sanyi ake farawa, ya tafaso ka zubar, ka sake sabon ruwan sanyi, sau biyu ko uku, haka ake cire ɗacin. Daga nan in ka yanka écorce ɗin tsaye tsaye ka dafa shi a hankali cikin ruwa da sukari daidai wa daida kamar awa ɗaya har ya zama kana iya hango haske ta cikinsa, ka shanya, to ka yi écorces confites, in ka tsoma su a narkakken cakulan sun zama les orangettes, waɗanda ake sayarwa da tsada a shagunan alawa na Faransa alhali mu nan ɓawon a bola yake ƙarewa. Akwai kuma peler à vif, ka fere lemun da wuƙa har farin duka ya tafi tsoka ta fito tsirara, sannan ka zaro kowane ɓari daga tsakanin fatarsa, waɗannan ɓarin su ake kira les suprêmes.

Mataki na huɗu: lokacin da zeste ya bar kicin

Tunda ɗan kaɗan ake sakawa a abinci amma ya canza shi gaba ɗaya, sai un zeste de ya zama hanyar cewa "ɗan ɗis na kaza". Un zeste d'humour, ɗan barkwanci kaɗan. Un zeste de folie, ƴar wauta kaɗan mai sa abu armashi. Un zeste d'ironie, ɗan gatse. Ka lura de tana komawa d' in kalmar gaba ta fara da wasali ko h marar sauti. ƴan jarida suna son shi sosai, za ka ji an ce ɗan wasa ya ci ƙwallo "avec un zeste de chance", da ɗan taimakon sa'a. Ƴan uwansa su ne une pointe de, un brin de, un soupçon de, une pincée de, duk dai ɗan barbaɗe ne. Kun ga ke nan ko da matar ofis ɗin can ta so ta yi mun uzuri ta ɗauki kalmar a wannan ma'anar, to "beaucoup de zeste" ya zama ɗan kaɗan mai yawa, ba kai ba gindi.

Akwai tsohuwar magana entre le zist et le zest, a nan ba a rubuta e a ƙarshensu, ana faɗa wa mutumin da ya kasa tsai da shawara ko abin da ba za ka ce mai kyau ba ne ba kuma za ka ce marar kyau ba, irin jemage, ba ka tsuntsu ba ka dabba. Matasa ba sa faɗinta yanzu, a littafi za ka gamu da ita, ka dai gane ta in ka gani.

Wanda ake ji kullum shi ne na matsa. Presser quelqu'un comme un citron, a matse mutum kamar lemun tsami, wato a tatse shi tas, ko da aiki ko da kuɗi. Ma'aikaci zai ce "On nous presse comme des citrons". Akwai cikonta, "on presse l'orange et on jette l'écorce", a matse lemu a yar da ɓawo, mu kuma muka ce an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, kun ga ba sai an yi dogon bayani ba. Maganar tana da tarihi, marubucin nan na Faransa Voltaire ya zauna a fadar sarkin Prusiya (wata tsohuwar masarautar Jamusawa) Frederick na biyu daga 1750 zuwa 1753, a 1751 aka kawo masa tsegumi cewa haka sarkin ya faɗa a kansa, wai shekara ɗaya kawai ya rage yana buƙatarsa, abin ya tsaya masa a rai har ya rubuta shi a wasiƙa. Citron kuma a bakin ƴan gari yana nufin kan mutum, shi ya sa se presser le citron ko se creuser le citron yake nufin mutum ya matsa ƙwaƙwalwarsa yana neman mafita. Ka kuma bambance un citron pressé, ruwan lemun tsami da za a kawo maka a shagon shayi da ruwa da sukari a gefe ka haɗa da kanka, da "je suis pressé" wanda ke nufin sauri nake.

Écorce ma tana da tata: "entre l'arbre et l'écorce il ne faut pas mettre le doigt", kar ka sa yatsa tsakanin itace da ɓawonsa, faɗan mata da miji ko na ƴan uwa ba a shiga.

Mataki na biyar: kalmomin da ya kamata in faɗa a ofis ɗin can

Kafin komai ka san Faransanci hawa hawa ne, akwai na rubutu da manyan wurare, akwai na kowa da kowa, akwai na majalisa da abokai, shi ne wanda ƙamus irin Larousse ko Le Robert ke sa wa alamar "fam." a gefe. Duk kalmar da ka koya ka duba hawanta kafin ka kai ta gaban manya.

Na kowa da kowa, wanda ba inda zai ba ka kunya: l'enthousiasme, zumuɗi da ɗoki, namiji ne duk da e ɗin ƙarshe, kuma kar ka manta ou ake rubutawa a tsakiya. Mutumin enthousiaste ne, mace ko namiji duk ɗaya. Sai l'entrain, wanda ni shi na fi so don shi ya fi kusa da karsashi, a yi aiki da sakin fuska da kazar kazar, "elle travaille avec entrain", "il est plein d'entrain", mace kuma pleine d'entrain. Furucinsa ɗaya da en train na "je suis en train de manger", ina cikin cin abinci, don haka a kunne sai ka bi jimlar. Daga nan aka samu un boute-en-train, mutumin da in ya iso majalisa ko gidan biki wuri ya ɗau harama, in ba ya nan kowa ya yi tsit. Masu kiwon dawaki kuma suna kiran ingarman da ake kawowa kusa da goɗiya don a gane ko ta shirya da wannan sunan, shi dai nasa tayar da hankali ne kawai, wani ake kawowa daga baya.

A takardar neman aiki abin da suke rubutawa shi ne dynamique, motivé, enthousiaste, wasiƙar kanta ma lettre de motivation ake ce mata. Da na ce "Je suis dynamique et très motivé" da an wuce wurin.

Sauran sun ɗan fi nauyi. L'ardeur himma ce mai zafi, "ardeur au travail". La fougue zafin nama ne irin na ƙuruciya, ka tuna dokin da ake riƙe wa linzami da ƙyar ranar hawan sallah yana turje ƙasa, shi ne un cheval fougueux, kuma ana faɗa wa matashi haka. L'élan yunƙuri ne, prendre son élan shi ne ka ja da baya ka taho a guje kafin ka yi tsalle, un élan de solidarité kuma yadda jama'a ke tasowa gaba ɗaya su taimaka in ambaliya ta auku. L'allant an fi jin sa a kan dattijon da har yanzu da sauransa, irin wanda ake ce wa yana nan "bon pied bon œil", ƙafa garau ido garau. Zest for life ɗin Ingilishi kuwa da ya jefa ni a rami, Faransancinsa la joie de vivre ne, mai irin wannan hali kuma a ce "il croque la vie à pleines dents", yana gatsar rayuwa da duka haƙoransa. Wanda ya sa zuciyarsa a aiki "il met du cœur à l'ouvrage". Wanda ya ɗauki sabon abu da zafi "il est tout feu tout flamme", in kuma bayan sati biyu ya watsar sai a ce ai dama "un feu de paille" ne, wutar kara.

Mataki na shida: na majalisa, inda kayan marmari suka dawo

Nan ne daɗin yake. Tsarin ɗaya ne, aikatau avoir, wato mallaka, sai la sai sunan abin: avoir la pêche, avoir la patate, avoir la frite. Duka ukun ma'anarsu mutum yana jin kansa garau, jiki da zuciya, kuzari har ya yi yawa. Pêche wani ɗan itace ne mai laushi da gashi gashi a fatarsa da ƙwallo ɗaya a tsakiya, ana furta shi "pesh". Patate dankalin turawa ne a bakin ƴan gari, namu na Hausa patate douce ne. Frite kuma soyayyen dankali.

Abokinka zai gan ka da safe ya ce "T'as la pêche ce matin !", ka ga tu as ya koma t'as. In ba ka jin daɗi ka ce "J'ai pas la pêche", ne ɗin korewa ta faɗi, haka ake magana, a rubutun jarrabawa ne za ka dawo da ita. Kofi ko waƙa ko labari mai daɗi "ça donne la pêche". In abin ya kai maƙura "une pêche d'enfer". Kar ka canza la ɗin nan zuwa une haka kawai, "j'ai une pêche" ɗan itacen ne guda ɗaya a hannunka, kuma kar ka ja wasalin ya zama péché, "peshe", don wannan zunubi ne, ka tashi cewa kana da kuzari ka ce kana da zunubi. Aller à la pêche kuma zuwa su ne, kamun kifi. Patate ma tana da nata tarkon, "espèce de patate" zagi ne mai sauƙi kamar ka ce kai dolo, "en avoir gros sur la patate" kuma baƙin ciki ne ya cika wa mutum ciki.

Avoir la banane daban ne kaɗan, murmushi ne har kunne, siffar ayaba a fuska. Avoir du peps da avoir du punch daga Ingilishi suka shigo, kuma abin lura peps ana faɗa wa abinci ma, mai girki zai ce ɗan zeste ɗin citron vert "ça donne du peps", ya farfaɗo da miyar, to nan ne kaɗai na ga ɓawon lemu da kuzari sun zauna a jimla ɗaya lafiya lau. Avoir la niaque, wasu su rubuta gnaque, na masu kallon ƙwallo ne, naci da ƙin yarda a ci ka, daga kudu maso yammacin Faransa kalmar ta fito inda asalinta ke nufin cizo. In yaro ya tashi yana ta tsalle tsalle ko ɗan wasa ya hana kowa sakat sai a ce "Il a mangé du lion", ya ci naman zaki. Être gonflé à bloc, an buga masa iska ya cika tam kamar taya, shirye yake. Amma in ka yanke à bloc ka ce "il est gonflé" to ka ce mutumin bai da ta ido.

Akwai péter le feu da péter la forme, suna nufin kuzari kamar ya fashe, sai dai péter ɗin asalinsa sakin tusa ne, don haka tsakaninka da abokai, ba gaban suruki ko shugaban ofis ba, can sai ka ce "je suis en pleine forme". A Abijan kuma ƴan nouchi, wato yaren titi na samarin can, sun ba Faransanci s'enjailler, a shaƙata a ji daɗi, har ta shiga ƙamus a Faransa, ga ambiancer, a raya wuri, da ambianceur, mai raya wuri, da duk wanda ya zauna a Yamai ko Kwatano ya saba ji.

Mataki na bakwai: wurare biyu da ake zamewa

Na farko excité. Mai Ingilishi zai so ya ce yana ɗokin zuwa wuri sai ya ce "je suis excité", to a Faransa kalmar tana iya karkata zuwa sha'awa ta jiki, ko kuma yaron da ya ƙi zama wuri ɗaya. Faɗi j'ai hâte, na ƙosa, "j'ai hâte de te voir", ko je suis ravi, ko je suis impatient. Na biyu chaud. "J'ai chaud" zafi nake ji. "Je suis chaud" a bakin samari na nufin na shirya mu je, amma ƴar uwa ki kiyayi "je suis chaude", fassarar da za a yi mata ba mai daɗi ba ce. Wanda ba ya da haɗari ga kowa shi ne je suis partant, mace partante, ina ciki.

Mataki na takwas: in batir ya mutu

Ba kullum ake kwana a gado ba, dole ka iya faɗin gajiya. Le jus ɗin da muka gani a cikin lemu yana nufin wutar lantarki ma a bakin ƴan gari, don haka "j'ai plus de jus" waya za ta iya faɗa kai ma za ka iya faɗa. Être à plat, taya ta sace. Un coup de barre ko un coup de pompe ita ce gajiyar da ke sauko maka farat ɗaya, irin ta bayan la'asar a watan azumi ko bayan ka cika ciki da tuwo da rana, un coup de mou kuma kasala ce da mutuwar jiki. Crevé, claqué, vidé, lessivé duk gajiya ce liƙis, na ƙarshen ma daga wanki aka samo shi, kamar tsumman da aka wanke aka matse. Gaban manya ka tsaya a fatigué ko épuisé. Maganinta kuma recharger ses batteries.

Yadda za ka sa su zauna

Kar ka haddace su duka rana ɗaya, ba za su zauna ba. Ɗauki uku a sati, ɗaya ta ofis ɗaya ta majalisa ɗaya ta gajiya, misali entrain da la pêche da coup de barre, kullum da safe ka tura wa wani abokinka mai jin Faransanci saƙon murya a WhatsApp kana faɗin yadda ka tashi da ɗaya daga ciki, shi kuma ya gyara maka furuci. Saurari masu sharhin ƙwallo na Faransanci don niaque da gonflé à bloc, bidiyon girki don zeste da blanchir, labaran RFI na Faransanci mai sauƙi don su élan da enthousiasme. Duk wadda ka ji ka rubuta jimlar gaba ɗaya da wanda ya faɗe ta da wanda aka faɗa wa, don ta haka ne za ka gane hawanta.

Ni har yanzu in na tsaya sayen lemu sai na ce wa mai lemun ya tara mun zaren ɓawon a leda, rannan wani ya tambaye ni ko na sauro ne, na ce masa a'a na kek ne, ya dube ni ya ƙara mun da na lemu uku da ya fere wa wasu.